"Aiki da godiya" gaisuwa ce: yadda za ka auna ko ma'aikatanka na jin daɗin aiki da inda suka dosa

Duk wanda ya taɓa riƙe mutane a garin nan na Katsina ya san abin da zan faɗa. Ka shigo da safe ka ce "Malam ina aiki?" ya ce maka "aiki da godiya ranka ya daɗe", ka ce ba dai wata matsala ko, ya ce babu wallahi sai alheri, sati biyu bayan nan sai ka ji ya ajiye aikin, an ganshi yana jan Napep wajen Ƙofar Ƙaura ko ya koma wani wuri saboda ƙarin da bai taka kara ya karya ba. Kuma ba ƙarya ya yi maka ba fa, gaisuwa ya amsa. Haka aka tarbiyyantar da mu, ba a kai kuka cikin gaisuwa, ba a kuma kallon idon wanda ke biyanka albashi a ce mashi ga laifinka.

Na yi shekaru ina riƙe da ofishin wata makarantar kuɗɗi a cikin gari, ni ke ɗaukar malamai ni ke haɗa takardar albashi, abin da ya fi ci mani tuwo a ƙwarya shi ne kusan duk ƙarshen zango sai mun rasa malamin da muka sha wahala kafin ya goge. Wanda ya fi yi mani ciwo malamin lissafi ne, ya tafi ana saura 'yan makonni yara su fara WAEC. Bayan watanni muka haɗu wajen ɗaurin aure a Ƙofar Marusa, na ja shi gefe na ce Malam don Allah me muka yi maka, sai ya ce "wallahi Malam ba albashi ya kore ni ba, tun da na samu gurbin ƙaro karatu nake roƙon a ɗauke mani darasin ranar Juma'a, shugaban sashenmu ya hana, kuma rannan gaban ɗalibai ya yi mani faɗa kamar wani yaronshi." Abin da cikin minti goma zan gyara a jadawali, amma ko sau ɗaya bai zo kunnena ba, don hanyar da maganar za ta bi ta iso gare ni ta hannun wanda ake kuka da shi take. Daga nan na fara raba takardar tambayoyi, kuma abin da na koya shi zan zayyana a nan, ko makaranta gare ka, ko gidan ruwan leda, gidan burodi, kemis, asibitin kuɗɗi, ko sashe kake riƙe da shi a ma'aikata.

Kafin ka buga ko layi ɗaya

Ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka, in mutanen nan suka faɗi abin da ba na son ji, zan iya haɗiye shi, kuma zan iya gyara ko da abu biyu ne? In amsar a'a ce to don Allah ka bari, kar ka fara. Tambayar da ba aiki a bayanta ta fi shiru illa, don mutum ya cire kunya ya buɗe maka cikinshi ka yi banza da shi, karo na biyu ko ka yi rantsuwa ba zai sake ba.

Sai kuma abubuwan da doka ta riga ta yanke, waɗannan ba sai ka ji ra'ayin kowa ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinshi a rubuce kafin ya wuce wata 3 da fara aiki, wanda ya cika wata 12 yana aiki yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi, mace mai ciki tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayan haihuwa, da aƙalla rabin albashinta in ta kai wata 6 a wurin. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, ko da yake dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatanshi ba su kai 25 ba, dokar fansho ta 2014 kuma ta ce mai wurin aiki ya zuba kashi 10 ma'aikaci ya zuba kashi 8. In ka san akwai wanda ya hau kanka ba ka yi, ka riga ka san amsar fom ɗin tun kafin ka raba shi.

Wa zai ga amsar

Nan ne gaba ɗaya maganar take, shi ya sa zan daɗe a kai. Ma'aikaci in ka miƙa mashi takarda abin da ke ranshi ba tambayar ba ce, tunaninshi shi ne oga zai gane ni ne na rubuta? In akwai ko ƙyallin zato to amsar da za ka samu ita ce dai "aiki da godiya", an dai sake rubuta maka ita a takarda. Cire suna kaɗai bai isa ba, mutanenmu ba yara ba ne, sun san ka san rubutun hannunsu, sun san in aka ce a rubuta sashe da shekaru da jinsi to mace ɗaya tilo da ke ofishin kuɗɗi ta gama bayyana.

Abin da ni ke yi shi ne, ba ni raba fom ɗin da hannuna, ba ni ma zama a wurin. Ka samu wani daga waje wanda ba ya cin albashinka kuma ba ɗan uwanka ba ne, ɗalibi daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Hassan Usman mai karantar harkar gudanarwa zai iya, ko ɗan bautar ƙasa, ka ba shi ɗan kuɗɗin mota da na abinci. A tara mutane a ɗaki ɗaya kowa ya zauna nesa da ɗan uwanshi kamar jarabawa, a sayo biro iri ɗaya kala ɗaya a raba ma kowa, kowa ya naɗe takardarshi ya jefa cikin kwali da aka liƙe da hannunshi. Shugabannin sashe su fita, su ma su cika nasu daban. Wanda ka ɗauko shi zai tafi da kwalin, shi zai ƙirga, inda aka yi rubutu da hannu kuma ya sake buga shi a kwamfuta, kai abin da zai iso gare ka jimilla ce kawai. Ka faɗi wannan tsarin gaban kowa da bakinka kafin ka fita, kuma ka cika shi, alkawari kaya ne. Ranar da ka ce "kawo in ga takardar nan ɗaya kawai" ranar ka kashe abin.

Bayanan mutum ka taƙaita su, sashe da kuma tsawon zama a wurin sun isa, shi ma a dunƙule, ƙasa da shekara 1, shekara 1 zuwa 3, sama da 3. Kuma duk rukunin da mutanen cikinshi ba su kai 5 ba kar a fitar da sakamakonshi daban, a haɗe shi da wani, masu wannan sana'a da yawa haka su ke yi. In duka ma'aikatanka ba su wuce 8 ko 10 ba ka cire waɗannan tambayoyin kwata kwata.

Masu son yi ta waya, akwai kuskuren da na ga ana ta yi, a jefa ƙuri'ar WhatsApp a gurup ɗin ma'aikata a ce kowa ya zaɓa. Ƙuri'ar WhatsApp tana nuna ma duk ɗan gurup wa ya zaɓi me, to wa zai danna "ba na jin daɗi" oga na kallo? Google Forms ya fi, amma ka shiga saitin ka kashe wurin karɓar imel, kuma ka sani in ka kunna na "amsa ɗaya ga mutum ɗaya" sai mutum ya shiga da asusunshi na Google, da zarar ya ga imel ɗinshi a saman shafi hankalinshi ya tashi ko da ba a adana shi ba. Akwai KoboToolbox shi ma, manhajarshi ta KoboCollect tana aiki a wayar Android ko ba netwok, sai daga baya ta tura, yana da amfani in kana da ma'aikata a ƙauyuka. Amma ni a ganina in mutanenka ba su wuce 50 ba takarda da kwali sun fi komai, ba maganar data, ba maganar "wayata ta mutu", kuma mutum ya ga takardarshi ta shige cikin sauran da idonshi. In ma ta waya za ka yi, ka tuna akwai dokar kare bayanan mutane da aka sa ma hannu a 2023, abin da ka tara don wannan binciken ba ka da hurumin juya shi ka yi wani abu da shi.

Lokaci ma na da tasiri. Kar ka raba ranar da albashi ya shiga, kowa fuskarshi a sake take, kar ka raba ana kwana uku wata ya ƙare aljihu ya bushe, ko washegarin ranar da ka ba wani takardar tuhuma, ko da la'asar cikin azumi. Tsakiyar wata, da hantsi, cikin lokacin aiki ba lokacin hutunsu ba.

Tambayoyin kansu

Kar ka rubuta "Shin kana jin daɗin aikinka? E ko A'a". Bahaushe in ka tambaye shi a dunƙule da godiyar Allah zai amsa maka, kuma gaskiyarshi. Sai ka farfasa maganar ka kawo ta ƙasa kan abin da ya faru jiya da shekaranjiya. Masana ma haka suka yi, a 1969 Patricia Smith da abokan aikinta a Jami'ar Cornell ta Amurka suka fitar da ma'aunin da ake kira JDI, suka kasa jin daɗin aiki gida biyar, shi kanshi aikin, albashi, damar ƙarin girma, shugaban da ke kanka, da abokan aiki. Na Jami'ar Minnesota da ya fito a 1967 tambaya 100 ne dogonshi, gajerenshi 20. Kamfanin Gallup nasu 12 ne kacal, ciki har da ko ka san abin da ake so ka yi a wurin aiki, ko kana da kayan aikin da kake buƙata, ko an yaba maka cikin kwana bakwai da suka wuce. Ba na ce ka kwafo nasu ba, wasu ma sai da izini ake amfani da su, amma gida biyar ɗin nan tubali ne mai kyau, ka ɗora namu a kai.

Namu kuwa ai ka san su. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗɗin mota ya zama rabin maganar albashi, wanda ke zuwa daga Batagarawa ko Rimi kullum ba ɗaya yake da na Sabuwar Unguwa ba. Akwai lokacin salla da wurin alwala, akwai tashi da wuri ranar Juma'a, sassauci cikin azumi, damina in ta sauka wasu gona na jiransu, mata kuma makewayi nasu daban, wurin shayar da jariri, da tashi kafin magariba. Sai babbar magana wadda ba kasafai ake rubuta ta ba, mutunci, a yi ma magidanci tsawa gaban na ƙasa da shi.

Kowace tambaya ka mayar da ita zance guda mai sauƙi, mutum ya nuna iya yardarshi da shi. Misali "Albashina na shiga kan lokaci." "Abin da ake biyana ya dace da wahalar da nake sha." "Ina da kayan aikin da nake buƙata." "In na yi kuskure shugabana na gyara mani a keɓe." "In ina da ƙorafi na san wanda zan kai mawa ba tare da tsoro ba." "Ana ƙarin girma a nan bisa ƙwazo, ba don sanayya ba." "Cikin watan nan an yaba mani kan wani aiki da na yi." A gaban kowanne ka sa zaɓi biyar, sam ban yarda ba, ban yarda ba, tsaka tsaki, na yarda, na yarda ƙwarai, su ne 1 zuwa 5. Wannan tsari Rensis Likert ne ya fito da shi a 1932, har yau shi aka fi amfani da shi don yana da sauƙin ƙirgawa.

Abu biyu ka kiyaye. Kar ka cusa magana biyu a tambaya ɗaya, irin "albashi na da kyau kuma yana zuwa kan lokaci", wanda nashi ke zuwa kan lokaci amma bai isarshi me zai zaɓa? Kuma kar ka ja mutum da baki, irin "ka yarda Alhaji na iya bakin ƙoƙarinshi wajen kyautata ma ma'aikata?", wannan ai roƙon yabo ne. Tambaya 15 zuwa 20 ta isa, abin da za a gama cikin minti goma, da Hausa, in akwai waɗanda ba Hausawa ba a yi masu da Turanci a bayan takardar. Kafin ranar ka ba mutum uku ko huɗu su gwada, maigadi ɗaya a ciki, duk inda suka tsaya suna tambayar "nan me ake nufi" to tambayar ce ba ta yi ba, gyara ta.

Akwai abin da Frederick Herzberg ya gano a 1959 bayan sun yi hira da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh, wanda ya taimaka mani wajen karanta amsoshi. Ya ce abin da ke sa mutum ƙin aiki daban, abin da ke sa shi son aiki daban. Albashi, tsarin kamfani, yanayin wurin, halin shugaba, in sun lalace mutum zai ƙi wurin, amma gyara su ƙorafi kawai yake kashewa, abin da ke sa ya zage damtse shi ne a yaba mashi, a damƙa mashi amana, ya ga yana gaba. Masana sun yi ta jayayya da shi, ni ma ba zan ce ma wanda albashinshi ba ya kai shi 20 ga wata wai kuɗɗi ba su ne ba, amma darasin da na ɗauka shi ne fom ya taɓa ɓangarorin biyu, kar duk tambayoyinka su ƙare kan albashi da fanka da kujera.

Tambaya ɗaya da ake yawan sawa a ƙarshe ita ce daga 0 zuwa 10, yaya za ka ba wani naka shawarar ya zo ya yi aiki nan. Asalinta ta 'yan kasuwa ce, Fred Reichheld ya kawo ta a 2003 don auna kwastomomi, daga baya aka juyo da ita kan ma'aikata. Amma a nan wurinmu in ka sa ta haka za ta yaudare ka, don da rashin aikin yi da ake fama da shi mutum zai kawo ƙanenshi ko wurin da shi kanshi ya tsana, ya dai samu na sabulu. Ni yadda na juya ta, amsar dai daga 0 zuwa 10 ɗin, shi ne, "A ce ƙanenka na da aiki a hannu mai albashi daidai da na nan, za ka ce mashi ya baro can ya dawo nan?" Wannan ita ke fito da gaskiya.

Ina mutum ya dosa

Wannan ɓangaren shi aka fi mantawa, kuma shi ne ya cinye mani malamin lissafi. Mutum zai iya jin daɗin wurin sarai amma ya tafi don bai ga gaba ba. Ka tambaya, nan da shekara 2 a ina kake ganin kanka, ka ba shi zaɓi na gaskiya irin na rayuwarmu, ina nan a matsayina, ina nan amma na samu ƙarin girma, na koma aikin gwamnati, na koma wani kamfani, na koma karatu, na buɗe nawa, aure ko hidimar gida za ta ɗauke ni. Kar ka ji haushi in ka ga da yawa sun zaɓi aikin gwamnati ko buɗe nasu, dama can haka abin yake a ransu, yanzu dai ka sani ne. Sai ka bi da "Na san abin da zan yi in samu ƙarin girma a nan", "An tura ni wani horo ko kwas cikin shekarar nan", da kuma "wane abu ɗaya kake son ka koya". Mai NCE na son digiri, mai digirin da ba na koyarwa ba na son PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ma'aikaciyar jinya na son ƙaro wani fanni, yaron shago kuwa burinshi ɗaya ne, ranar da maigida zai yaye shi ya ba shi jari, in shekaru na tafiya ba a ko tada maganar to ranshi ya riga ya fita ko da jikinshi na shagon.

Sai tambayar da na fi so duk cikin fom ɗin, "In za ka bar wurin nan, mene ne dalili na farko?" a ba shi jeri ya zaɓi ɗaya tak. Daga ƙarshe fili biyu na rubutu, abu ɗaya da kake so a gyara, abu ɗaya da kake so kar a taɓa. Mai ɗaki shi ya san inda ke mashi yoyo, sau da yawa layi ɗaya a nan ya fi duk lambobin amfani.

Amma tunda ba suna, ba za ka san wane ne ke son ƙaro karatu ba, saboda haka bayan sakamako ya fito ka sanar cewa duk mai wannan buri ƙofa a buɗe take ya zo a zauna, wannan zaman daban yake da fom, kar ka haɗa su.

Waɗanda ba su karanta boko

Maigadi, direba, masu shara, masu dakon kaya, su aka fi tsallakewa kuma su suka fi ganin komai. Wasu ajami su ke karantawa tsaf, in ka samu mai rubuta maka fom ɗin da ajami ka yi, za ka ga yadda za su ji an mutunta su. Sauran kuma wanda ka ɗauko daga waje ya karanta tambaya da ƙarfi, kowa ya yi alama da kanshi kan hoton fuskoki biyar, daga mai ɗaure fuska zuwa mai fara'a, wannan dabara tsohuwa ce, Theodore Kunin ya wallafa ta tun 1955. Na taɓa tsayawa daga nesa ina hangen wani dattijo maigadinmu, yaron ya ce mashi "Baba, ta ukun ita ce ko ana ba ka hutu in ba ka da lafiya", Baba ya kare takardar da gefen babbar rigarshi, ya daɗe yana kallon fuskokin kafin ya sa biro, ya naɗe ta gida huɗu ya je ya jefa da kanshi. Matan aure da 'yan mata kuma mace ta zauna da su, akwai maganar da ba za su taɓa yi gaban namiji ba.

Lissafi

Ba wani abu mai wuya ba ne, Excel ko ma takarda da kalkuleta sun isa. Fara da mutum nawa suka amsa, a ce kana da 50, 40 suka jefa, kashi 80 kenan, ya yi kyau. In ka ga ko rabi ba su amsa ba to shirun nan ma magana ce, ba su yarda da tsarin ba tukuna.

Ga kowace tambaya ka ƙirga waɗanda suka zaɓi 4 ko 5 ka raba da yawan masu amsa. A ce cikin 40 ɗin nan mutum 10 ne suka yarda albashi na shiga kan lokaci, kashi 25 kenan, 34 suka yarda suna da kayan aiki, kashi 85. Ka jera tambayoyin daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, ukun ƙasa su ne aikinka. Kar ka dogara da matsakaicin maki kaɗai, don mutum 10 in biyar suka zaɓi 1 biyar suka zaɓi 5 matsakaicin 3 ne, daidai da a ce duka goman sun zaɓi tsaka tsaki, alhali na farko wuri ne da ya rabu biyu, galibi 'yan gaban goshi da 'yan bora. Sai ka duba sashe sashe, in tambayar mutunci ta yi kyau ko'ina amma ta faɗi warwas a sashe ɗaya, ka san inda za ka leƙa.

Ta 0 zuwa 10 kuwa, masu 9 da 10 naka ne, masu 7 da 8 a bar su gefe, masu 0 zuwa 6 ransu ba ya wurin. Ka cire kason na ƙarshe daga na farko, a ce 14 cikin 40 sun ba da 9 ko 10, kashi 35, mutum 10 sun ba da 6 zuwa ƙasa, kashi 25, makinka 10 kenan. Yana iya kamawa daga ƙasa da sifili da 100 har zuwa 100, amfaninshi ka gwada shi da naka na gaba, ba da na wani kamfani a Legas ba.

Mayar masu da magana

Kar ya wuce sati biyu, ka tara su ka karanta masu sakamakon da bakinka, mai daɗi da marar daɗi, kuma ka riƙe fuskarka, ba habaici, ba "na san wanda ya rubuta wannan". Wallahi karo na farko da na karanta abin da aka rubuta kan ofishina sai da na kwana ina juyi, an ce ba na sauraren mutum in ya shigo, ina danna waya yana magana, kuma gaskiya ne. Ka zaɓi abu biyu ko uku ka ce wannan za mu gyara, ga wanda zai yi, ga rana. Wanda ba za ka iya ba ka faɗa ƙarara ka kawo dalili, in ƙarin albashi ba zai yiwu bana ba ka ce ba zai yiwu ba, amma tsayar da ranar biya, ko sa ɗan alawus na mota ga masu zuwa daga nesa, ko rubuta sharuɗɗan ƙarin girma a manna a bango kowa ya gani, waɗannan ba su cin wasu kuɗɗi masu yawa. Shugaban sashen da sakamakonshi ya yi muni a kira shi a keɓe, shi ma mutuncinshi abin kiyayewa ne, kuma a ja mashi kunne kar ya koma yana farautar wanda ya rubuta.

Bayan wata 6 ko shekara ka sake rabawa, da tambayoyin nan dai, kalma ɗaya kar ka canza in ba haka ba ba za ka iya gwada na da da na yanzu ba, in akwai sabuwar magana ka ƙara ta a ƙasa. Ka buɗe ɗan littafi kuma kana rubuta duk wanda ya bar aiki, yaushe, daga wane sashe, bayan wata ɗaya da tafiyarshi wanda ka ɗauko daga waje ya kira shi ya ji dalili, a lokacin ya karɓi haƙƙinshi ba ya tsoron kowa. Tsofaffin takardun da aka cika kuma, da zarar an gama ƙirga an adana jimillar, a ƙone su gaban mutum biyu daga cikin ma'aikatan.